A bar ma'aikaci ya fita daga yankan kuɗin ritaya, ko a ci gaba da yanke mishi dole?

Ƙanena direba ne a wata ONG nan Maradi, ranar da ya amshi takardar albashinshi ta farko ya iske ni fada bayan isha'i yana huci, ko zama bai yi ba ya miƙo min ita ya ce Yaya dubi nan, wa ya ce su yanke min wanga kuɗi, ni na roƙe su su aje min? Na duba na ga layin CNSS ne, wato asusun da ke biyan fanshon ma'aikata. Kafin in buɗe baki fada ta rabu biyu, shayi har ya huce ana ta ja, wasu na cewa zalunci ne a bar kowa da kuɗinshi, wasu na cewa in an bar mu da shi wallahi ko sisi ba za ya kai tsufa ba. Ni aikin lissafin albashi nike yi shekaru da dama, shi ya sa na ce bari in zauna in auna abin a natse, dan na lura da yawa cikin masu gardamar ba su ma san mi ake yankewa ba ballantana inda yake zuwa.

A Nijar ma'aikacin kamfani ko na ONG ko duk mai aikin kwantiragi CNSS ke riƙe da shi, ma'aikacin gwamnati kuma nashi asusun daban ne, CARENI. A ɓangaren fansho na CNSS ana yanke 5.25 cikin 100 daga albashinka, uban gidanka kuma ya ɗora 6.25 cikin 100 daga aljihunshi, kuma banda wannan shi kaɗai ke biyan na alawus ɗin iyali da na hatsarin aiki. Shekarun ritaya 60. Abin da mutane ba su gane ba shi ne kuɗin nan ba wai ana sa su cikin wani akwati da sunanka a kai ba ne har ranar da za ka zo ɗauka. Abin da anka yanke maka wannan wata, da shi ake biyan tsofaffin da ke amsar fansho yanzu, kai kuma in lokacinka ya yi yaran da yanzu suke lakwal su za su biya naka. Kamar adashe ne amma wanda kwasarshi ke zuwa bayan shekara talatin. Fanshon dole ma ba sabo ba ne, Jamus ta fara shi tun 1889 zamanin Bismarck, mu kuma ta hannun Faransa ya zo mana.

To mu ɗauki albashin jika 100 dan lissafi ya yi sauƙi. Naka yankan jika 5 da dala 50 ne, na uban gida jika 6 da dala 50, gaba ɗaya jika 11 da rabi kowane wata ke shiga da sunanka. In anka ce gobe kowa na iya fita, abin da za ka gani ya ƙaru a hannunka jika 5 da dala 50 ne kawai, dan kada ka yaudari kanka, ba wani mai kamfani a garin nan da za ya kira ka ya ce zo ga jika 6 ɗin da nike biya maka can na ƙara maka cikin albashi. A shekara jika 63 kenan. A shekara 30 in ba ka taɓa ko dala ba ka tara miliyan 1 da jika 890. In kana buƙatar jika 50 a wata bayan ka bar aiki, kuɗin nan shekara 3 da ɗan wani abu za su yi su ƙare. Wannan shi ne lissafin da na fara nuna wa ƙanena, ya yi shiru, amma bai yarda ba, kuma gaskiya yana da hujjojin da ba na raini ba ne.

Hujjarshi ta farko, wa ya ce zan aje kuɗin a ƙarƙashin katifa? Nan Maradi ne, garin da yaro ke fara talla da tire ya zama Alhaji. Jika 63 a shekara ka sayi ɗan rago ka turke, ko ka auni gero da wake lokacin kaka ka saida da bazara, ko ka haɗa da wani ɗan abu ka biya fili kaɗan kaɗan. Kuma ba ƙarya ba ne, duk wanda ya sayi fili a gefen gari shekaru 20 da sunka wuce, wajen da lokacin gonaki ne yanzu ya zama unguwa, ya ci ribar da ba wani asusun fansho da za ya ba shi ita. Fili kuma ana gadonshi, ɗiyanka su raba, fansho kuwa in kai da matarka kun rasu kuma yara sun girma shi kenan ya tsaya. Wannan hujja ce mai ƙarfi kuma ni ban da amsar da ke rushe ta gaba ɗaya.

Ta biyu rashin yarda ce, kuma ita ma ba daga sama ta faɗo ba. Wanda ya girma a ƙasar nan ya san a Janairun 1994 an kwana an tashi sefa ta rasa rabin darajarta, ya san shekarun 1990 da ma'aikatan gwamnati ke yin wata da watanni ba albashi, manyanmu kuma har yau suna ba da labarin rushewar bankin BDRN a 1990. To mutum ya ce maka ba ni kuɗinka in riƙe maka shekara 30, ai dole ka tambaya wa za ya kasance a kujerar a lokacin. Sai ta uku wadda kowa ke faɗi cikin raha amma da gaske yake, wa ya ce zan kai 60? Ta huɗu kuma maganar riba, wadda zan dawo kanta.

Bari in fara da ta zan kai 60 ɗin dan ita ta fi sauƙi. Lissafin tsawon rai da ake ba da shi na ƙasarmu yana yin ƙasa ne saboda yawan yaran da ke rasuwa kafin shekara 5, amma namijin da ya riga ya kai 30 da lafiyarshi yana tuƙa mota, mafi yawanci yana kai 60 har ya wuce, ku duba sahun gaba a masallacin unguwarku kawai. Rai na Allah ne, ba mai musu, amma abin tsoron a wajen kuɗi shi ne ka daɗe, ka kai 78 ido ya tafi gwiwa ta tafi jarin ya ƙare tun kana 66. Fansho ba ya ƙarewa sai ran da ka ƙare. In kuma ka rasu da wuri akwai rabon matarka da na marayu, in ka naƙasa kafin lokaci akwai na naƙasa. Rago ba ya yin wannan.

Yanzu maganar jari, nan ne nike so in daɗe dan nan ne muke yi wa kanmu ƙarya. Kowa in yana lissafi a fada lissafin Alhajin da ya ci nasara yake yi, ba mai kawo labarin mutum goma da sunka fara tare da shi. Ni abin da na gani da idona, kuɗin da ke hannun mai albashi a garin nan ba nashi ba ne shi kaɗai. An san ranar da ake biyanku. Suna, biki, gudummawar ƙanwa, odinas ɗin tsohuwa, ɗan yayanka da anka koro daga lakwal saboda kuɗin makaranta, baƙi daga ƙauye lokacin da rumbu ya ƙare, kuma ba wanda za ka iya ce wa a'a ka kwana lafiya, ni ma ba na iyawa. Ragon da ka turke dan tsufa shi za a fara kallo ranar da matarka ta haihu. Filin da ka ce na ritaya ne shi za a saida ranar da anka ce sai an kai tsoho Yamai an yi mishi aiki, kuma daidai ne a saida, wa za ya bar ubanshi kwance saboda fili? Amfanin kuɗin da anka yanke tun kafin su zo hannunka shi ne ba mai iya roƙonka su, kai ma ba ka iya roƙon kanka. Mutane na ganin wannan tilas ɗin shi ne aibin tsarin, ni kuwa a wajena shi ne rabin amfaninshi.

Ko da iyali ba su ci ba, kasuwa da kanta tana ci. Masu dabbobi sun san abin da fari ya yi a 1984, shekarar da har yau ake kira El Buhari, sun san 2005 da 2010. 'Yan kasuwa sun san abin da ya faru da Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019 har ƙarshen 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da hanyar Ɗan Issa da Jibiya ta mutu kaya sunka tsaya. Mai shekara 35 in jarinshi ya karye yana tashi. Mai 63 fa? Akwai wasu dattawa biyu a unguwarmu, tare sunka yi ƙuruciya, ɗaya gadi ya yi a wani kamfani har ya yi ritaya, ɗayan kuma hatsi ya yi fatauci kuma a lokacinshi ya fi mai gadin nesa ba kusa ba, har Makka ya kai mutane. Yau mai gadin abin da yake amsa kaɗan ne ƙwarai, ba ya isa, amma yana zuwa, kuma saboda yana zuwa mai shago na ba shi bashi ba gardama. Ɗayan sai abin da ɗiya sunka aiko ta Nita. Ban ce kowane ɗan kasuwa haka yake ƙarewa ba, wasu har jikoki na cin arzikinsu, amma kafin ka fita ka tambayi kanka tsakani da Allah wane daga ciki ka fi kama da shi.

Sai abin da ya fi damuna, wanda masu cewa a bar kowa da zaɓinshi ba su kawowa. Ranar da doka ta ce ma'aikaci na iya fita, ba ma'aikaci ne za ya yi zaɓin ba. Uban gida ne za ya aje maka takarda tare da kwantiragi ya ce sa hannu nan cewa kai ka ce ba ka so, in ka ƙi ga mutum 40 a bakin ƙofa da dosiyensu. Shi ya tsira da 6.25 ɗinshi, kai kuma a rubuce da son ranka ka fita. Yanzu ma da yake dole ne, nawa ne ke aiki shekara da shekaru ba a taɓa rubuta su ba? Sannan waɗanda za su fara fita da kansu su ne samari da masu babban albashi, dan su ke ganin za su iya da kansu, a bar asusun da masu ƙaramin albashi da waɗanda sunka kusa ritaya. Tunda kuɗin yau ke biyan tsofaffin yau, in masu zubi sunka watse wa za ya biya wanda ya riga ya yi zubin shekara 30? Ko a adashen mata in anka ce kowa na iya janyewa ranar da ta ga dama, ta ƙarshe ita ke kuka. Dole gwamnati ta cike ramin da haraji, wato kai ɗin da ka fita za ka biya ta wata ƙofa.

Ƙasashen da ake kawo misali da su ma in ka duba da kyau ba fita irin wadda ƙanena ke nufi sunka bari ba. Chile ita ce ake yawan ambata, a 1981 zamanin Pinochet sunka maida fansho asusun kowa da kowa a hannun kamfanoni, amma zubin kashi 10 cikin 100 ya zauna dole ga ma'aikaci, abin da ya canza shi ne mai riƙe kuɗin. Abin dariya sojojin da sunka kawo tsarin su ba su shiga ba, sun zauna cikin tsohon nasu. Da fansho ya fito kaɗan ga mutane da yawa sai da gwamnati ta ƙara wani tallafi na tsofaffi a 2008, a 2016 kuma jama'a sunka cika tituna suna zanga-zanga. Da anka buɗe ƙofa lokacin korona, sau 3 tsakanin 2020 da 2021, mutane sun kwashe wajen dala biliyan 50 na Amurka, miliyoyi sunka wayi gari asusunsu ba komi. Ba wai su wawaye ba ne, buƙata ce ta yau ta fi ta gobe ƙarfi, kamar dai mu.

Ingila ta bi wata hanya da ni ta fi burge ni. Fanshon gwamnati dole ne ba fita, amma na wurin aiki da ke bisanshi, tun 2012 ana sa ka ciki kai tsaye ba tare da an tambaye ka ba, in ba ka so kai za ka je ka ce a fidda ka, kuma bayan shekara 3 a sake maida ka sai ka sake cewa a'a. Wajen mutum 1 cikin 10 ne kawai ke fita. A Amurka kuma akwai wasu Kiristoci da ake kira Amish da doka ta yarda tun 1965 su fita saboda addininsu, amma da sharaɗin sun yafe duk wani haƙƙi a asusun har abada kuma jama'arsu ce ke ɗaukar nauyin tsofaffinsu. Wato ko can sai ka nuna wa za ya riƙe ka.

Najeriya kuwa ba sai an ba mu labari ba, muna da dangi Katsina da Kano. Tun 2004 sunka koma tsarin asusun kowa da sunanshi, dokar 2014 ta sa ma'aikaci 8 cikin 100 uban gida 10, kuma abin da nike yaba musu shi ne mutum na ganin kuɗinshi a waya, ya san nawa ya tara. Amma kuɗin naira ne. A 2014 jika ɗaya ta sefa ba ta kai naira 400 ba, a 2024 ta wuce naira 2000, to wanda ya tara miliyoyi a asusunshi ya ga lambar na nan amma buhun shinkafar da take saye ya ragu. Kuma ku lura, 'yan sandan Najeriya da sunka yi ritaya da sunka yi zanga-zanga a Abuja a 2025 suna neman a fidda su daga tsarin, ba cewa suke a ba su kuɗinsu su yi kasuwa ba, so suke a maida su irin na sojoji inda gwamnati ke biyan fansho har mutuwa.

Maganar riba ba ta wasa ba ce a Maradi, kuma ni ba malami ba ne, mai wannan damuwa ya je ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya kuma yi mishi bayanin yadda abin ke aiki daidai, cewa zubin masu aiki ne ke biyan tsofaffi, rarar da ta saura ita ce ake juyawa. Abin da zan ce kawai, maganin wannan damuwa akwai shi ba sai an rushe asusun ba. Najeriya ta buɗe wani rukuni a 2021 da ake kira Fund VI wanda ba a sa kuɗinshi cikin harkar ruwa. In sandika na neman abin da za ta yi faɗa a kai, wannan ya fi neman ƙofar fita.

Wanda nike ganin yana da ƙorafi na gaskiya shi ne mai guntun kwantiragi, irin ƙanena ɗin, shekara 2 nan, furoje ya ƙare, shekara 1 zaune, wata 8 can. Cikakken fansho sai ka cika adadin watannin zubi, in ba ka cika ba dunƙulen kuɗi ake ba ka sau ɗaya. Amma ko shi, watannin ba su ɓacewa in ya canza wurin aiki, lambarshi ɗaya ce, ana tara su, kuma wanda ya bar aiki akwai hanyar ci gaba da zubi da kanshi. Wanda fita za ta yi wa daɗi da gaske shi ne mai babban albashi da ya riga ya mallaki gida da gona da wata sana'a a gefe, kuma irin wannan jika 20 da wani abu a wata ba su ne za su hana shi barci ba, tunda ma akwai silin da yankan ba ya wucewa.

Kuma duk wannan gardamar ta 'yan tsiraru ce. Jihar Maradi ce ta biyu bayan Damagaram a yawan jama'a a ƙidayar 2012, sama da miliyan 3, nawa ne cikinsu ke da takardar albashi? Ɗan kabu-kabu, mai tebur a babbar kasuwa, mai ƙuli-ƙuli, manomin Tibiri ko Madarunfa, magini, tela, duk a waje suke tun asali, ba wanda ya yanke musu komi, kuma mun ga yadda tsufansu ke kasancewa in ɗiya ba su samu ba. Da ni ake tambaya, ƙofar shiga zan buɗe musu, mutum ya zuba dala 100 ko jika ta waya ranar da ya samu, kamar yadda Najeriya ta fara gwadawa da ƙaramin fansho na masu sana'ar hannu a 2019. Na dole ya zauna dole, abin da ke bisanshi kowa ya yi yadda ya ga dama.

Abin da na ce wa ƙanena a ƙarshe ba shi da yawa. Na ce bar jika 5 ɗin nan su tafi, ka manta da su, ragonka da filinka ka yi su da sauran albashin, ba wanda ya hana ka haɗa biyun. Amma ka bi sawun kuɗinka, dan ni an taɓa yi min, wani wuri da na yi aiki shekara 3 ana yanke min kowane wata a takarda ashe ba a kai ko dala ba, sai bayan na bar wurin na gano, kuma har yau ina bin watannin nan. Ka amshi lambarka, ka aje kowace takardar albashi da kowane kwantiragi cikin leda a ƙasan akwati inda ruwa da gara ba su kai, kuma duk shekara ka je ka tambaya a nuna maka watannin da anka zuba da sunanka. Ya ce to Yaya, amma shi har yanzu yana ganin da an ba shi kuɗin da ya fi su iya juya su. Na ce ina jika 30 ɗin da na ranta maka da Sallah ka ce za ka sayi tunkiya? Fada ta fashe da dariya, ya ɗauki takardarshi ya ninke ya ce a sake ɗora shayi.